Kada Ka Rataya Komai a Hannun Keke

Auta. Auta, kana ina ne? Na kira ka har wayar ta yi zafi a hannuna ba ka ɗauka ba. Na kira Goggonka Asabe, ta ce ka fita wajen mai gyaran keke tun bayan azahar. To tunda ba a samunka a baki, zan rubuta, ka san ni da haruffan nan ƙanana, sai a hankali. Ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake.

Assalamu alaikum. Ya gajiya, ya mutanen gidan Goggonka, ya Birnin Kudu. Mu nan Dingaya lafiya lau muke, sai godiya. Allah ya kai ka Jos lafiya, ya sa ka tarar da yayarka da jaririnta lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe.

Na ga hoton da ka turo na keken da kaya a kai. Ka rubuta a ƙasa wai an shirya, gobe da safe sai tafiya. Ba a shirya ba, Auta. Na ja hoton da yatsa na ƙara masa girma, na duba shi sosai. Jakunkunan nan biyu da ka saya na tayar gaba, ta dama ta kumbura kamar akuya mai ciki, ta hagu kuwa a lafe. A hannun keken kuma ga buta, ga takalminka ɗaure da igiya, ga baƙar leda guda, ga wata mai zane-zane. Baƙar nan na san ta, daddawar Goggonka ce, ƙullinta ba ya ɓoyuwa. Duk suna reto a saitin taya.

Na kai wa babanku hoton a zaure. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya ɗaure masa?"

Na ce, "Shi da kansa."

Ya ce, "To." Ya miƙo mini wayar da hannun hagu, ya ci gaba da gyaran fartanyarsa.

Ka san shi, ba zai ƙara komai ba. Shi ya sa ni zan yi magana. Da ma ranar Juma'a da ka zo sallama ya kamata in zaunar da kai, sai na tsaya fushi. Ina jin haushin ga mota na zuwa Jos kullum, kai ka ce sai da keke, wai kana so ka ga ƙasa da idonka, ka kwana a garuruwa. Na ɗaure fuska na ba ka tuwo, ka ci ka tafi. Fushin bai hana ka tafiya ba, ni kaɗai ya hana in gaya maka abin da na sani. Kai idan ka girma ka haihu, ɗanka ya zo da abin da ba ka so, ka yi fushinka ka gama, amma ka duba masa kayansa.

Kafin in manta. Na haɗa wa yayarka kayan jego, suna nan bakin ƙofa: zuma galan guda, man shanu, kanwa, da yajin da na daka mata. Na yi magana da Malam Idi direba, zai biyo da yamman nan in zai koma Birnin Kudu ya kawo maka gidan Goggo. Za mu ga inda za ka sa su.

Kai ba ka taso ka ga babanku yana koli ba, labari kake ji. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, da keke yake cin kasuwanni, Gwaram, Sara, Wurno, har Birnin Kudu. Sabulu, gishiri, batir, ashana, zare da allura, madubi, man shafawa. Baya akwatin katako ne, gaba kuma maƙeri ya yi masa kariya, ƙarfen ɗora kaya, da buhu biyu, ɗaya kowane gefe. Ni ce mai ɗaure masa kaya kowace safiya. Ba wanda ya koya mini, da kuskure na koya, shi kuma jikinsa ya sha.

Ranar farko da ya ce in shirya masa, ina amarya ina son in burge. A gidanmu an koya mana komai mai kyau da dama ake farawa. Sai na yi bismilla na zuba gishiri da sabulu da batir duk a buhun dama, don kasuwa ta yi albarka. Hagu na sa zare da soso da ɗankwalaye. A ido buhunan daidai suke. Ya hau ya tafi, shi ma kunya ce ta hana shi kwance ɗaurin amarya a gaban mutane. Da yamma ya dawo da ƙaiƙayin dawa har cikin kunne.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Keken ne tun daga ƙofar gida yake son gonar Alhaji Buba, na yi ta ba shi haƙuri, a ƙarshe dai muka shiga muka gaisa."

Kwana biyu yana shafa man zafi a wuyan hannu, don duk tafiyar kokawa ya yi da keken yana jan shi hagu. Ka ga jakarka ta dama? Haka za ta yi maka. Kuma kai ba gonar dawa ce a gefenka ba, kwalta ce da manyan motoci. Ka sauke su duka biyun, ka ɗauki ɗaya a kowane hannu, ka rufe ido. Ido yana ruɗi, hannu ba ya yi. In ɗaya ta fi jan kafaɗarka, ka rage mata ka ƙara wa 'yar'uwarta, ka sake ɗagawa, har sai ka kasa cewa ga wadda ta fi. Bismillar ka yi ta a baki, ta isa duka biyun.

Sannan mai nauyi ƙasa yake zama. Ƙarafan gyaranka, famfo, garin kwaki, duk can gindin jaka, kusa da tsakiyar taya. Riguna da bargo a sama. Ka tuna in zan ɗauki ƙwarya biyu a ka, babba mai nauyi ita ke zama kan gammo, ƙarama a bisa. In na juya su, wuyana ne zai gaya mini kafin in kai rijiya. Keke ma wuya gare shi, nan inda hannun yake juyawa. Duk abin da ka ɗora sama da taya, wuyan nan ne ke ɗaukarsa, kai kuma kana ta gyara shi ba ka sani ba, sai dare ya yi ka ji kafaɗunka kamar an yi maka duka.

Wani kuskuren da man gyaɗa na yi shi. Wata shekara na matse mai na ce ya tafi mini da shi Sara. Jarkar babba ce, man bai kai rabinta ba, na ɗaure ta a gaba tamau. Na ce ai gara haka, ba nauyi. Ashe abu mai ruwa in bai cika mazubinsa ba, tafiyarsa daban yake yi. Keke ya karkata nan, mai ya ruga can, ya dawo ya bugi jarka. Ya ce mini da ya zo rairayin bakin rafi, gaban ya nutse, man ya yi gaba gaba ɗaya, sai ga shi tsaye da ƙafa biyu keken kuma ya durƙusa. Bai ji ciwo ba, mata masu wanki ne suka sha dariya har wata ta tambaye shi ko keken salla yake yi. Saboda haka gorar ruwanka, ko ta cika fal ko kada ta zauna a gaba. Ka riƙa shanye ɗaya ka gama kafin ka buɗe ta biyu. In ka zo rairayi kuma ka sauka ka tura, ba wanda ya san ka a can balle ka ji kunya.

Igiya ma na sha kashi da ita. Da igiyar rama nake ɗauri, don ita na iya tukawa. Da damina ta sha ruwa ta tsuke, rana ta fito ta saki, sai kaya su fara rawa a hanya. Ashana kwali guda ta faɗa ruwa a haka. Wani mai faci ne a Gwaram ya ba babanku tsohon tif na cikin taya, na yanka shi siri-siri da reza, tun daga nan ban sake ɗaure keke da igiya ba. Roba tana bin kaya, in sun lafa ta lafa da su. Amma wutsiyarta, Auta. Duk inda ka gama ɗauri, ka cusa ragowar ciki ka danne. Kada ka bar ko tsawon yatsa yana lilo kusa da wili. A hotonka na ga maɗaurin jakar hagu ya sauko har yana neman taɓa sifok, ƙarafan nan sirara na cikin taya. Ka duba da kanka, za ka gani.

Kuma ka matsa birkin gaba bayan ka gama ɗauri, ka juya hannun keken dama da hagu har ƙarshe. In wani abu ya danne igiyar birki ko ya tokare, ka kwance ka sake. Tunda kana wajen mai gyara, ka ce ya ƙara ɗaure notocin kariyar gaban nan, sannan kowace safiya ka taɓa su da yatsa, gargada tana kwance su a hankali. Yau ɗin nan kafin magariba ka hau da kayan duka ka zaga, ka je wajen duwatsun nan na bayan gari inda akwai gangara, ka sauko a hankali ka ji. In gaban ya fara kaɗawa kamar kan tsohuwa, nauyi ya yi yawa ko ya yi sama. Gara ka ji shi a Birnin Kudu inda akwai Goggonka da ka ji shi a gangaren Ningi. Babanku ya ce daga can har Jos hawa ne da sauka, kuma sauka ita ce abin tsoro.

Zumar nan ina ta tunani. Galan ɗin cike yake, ba zai yi motsi ba. In ka sa shi gindin jakar hagu, ka ga sai ya daidaita ta da ta dama. Man shanun da kanwar kuma... bari dai in gama.

Yanzu maganar ledojin hannun keke. Ka san babanku ba ya iya ɗaga hannun dama ya kai kunne in zai yi kabbara. Ka san faɗuwa ya yi da keke, kowa ya sani. Abin da ƙila ba a zaunar da kai an gaya maka ba shi ne yadda aka yi, don lokacin kana ciki.

Ana gobe jajiberin Babbar Salla ne. Zai ci kasuwa, daga nan ya wuce Sundimina ya gai da kakarku. Na ɗaure kaya tsaf, lokacin na ƙware, ko shi ba ya dubawa. Ya fita da keken, yana ƙofar gida yana sallama da maƙwabta. Sai na tuna man shanun da na ajiye wa tsohuwa. A ce ɗanta ya je mata gaisuwar Salla, surukarta ba ta aiko da komai ba? Na zuba shi a gwangwani, na ƙulle a tsohon ɗankwali, na fito zaure da sauri na ba shi.

Ya ce, "Babu wuri."

Na ce, "Ɗan wannan? Ai ko a hannu ka rataya."

Malam Garba maƙwabcinmu yana tsaye, ya ce, "Haba Malam, saƙon uwa ake cewa babu wuri?"

Ya dube ni, ya dubi Malam Garba. Ni da hannuna na rataya shi a hannun dama, na yi masa ƙulli biyu don kada ya faɗi. Da ma ya faɗi.

Ya yi tafiyarsa lafiya har ya kusa Sundimina. A wata gangara mai tsakuwa keken ya ɗauki gudu, gwangwanin ya yi ta reto, ɗankwalin ya saki kaɗan kaɗan ya yi tsawo, sai ya shiga cikin taya. Tayar gaba in ta tsaya lokaci guda, mutum ba ya faɗuwa gefe, ta sama yake wucewa. A kan kafaɗa ya sauka. Wasu masu amalanke ne suka tsince shi, sabulu da madubai warwatse a hanya. Sallar nan a gidan mai ɗori muka yi ta. Ƙashin ya haɗu amma bai koma daidai ba, koli kuma daga ranar ya ƙare, don hannun ba ya iya riƙe keke mai kaya. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya. Kakarku ce ma da ta zo dubiya ta ce, "Ni da kin bar man, ai da na ci tuwona haka."

Ka gane abin da nake gaya maka? Kayan da mutum ya zauna ya ɗaure da natsuwa ba su cika kayar da shi ba. Na bakin ƙofa ne, wanda ake miƙo maka ka riga ka ɗora ƙafa a feda, kuma mai miƙowar sonka yake yi. Mu nan ba ma iya ganin matafiyi mu bar shi ya tafi haka. Wannan ta ce kai wa yayarka kuka, wannan ta ce ga ƙuli ka ci a hanya, wani ya ce ɗan'uwansa na Jos ko za ka miƙa masa 'yar leda. Kai kuma ga ka da kunya kamar ubanka. Gobe da safe za ka gani, matan gidan Goggonka kaf za su fito, kowacce da ƙullinta. Duk garin da ka kwana ma haka za a yi maka.

Ga yadda za ka yi. Ka karɓa da hannu biyu, ka durƙusa ka yi godiya. In abin ci ne mara yawa, ka ci a nan gabansu, mai bayarwa ta fi jin daɗin haka ma. In ya shiga jaka ba tare da ya ɓata maka daidaito ba, ka sauka ka buɗe ka sa shi ciki ka sake ɗagawa da hannu, ko da za su ce ka cika tsirfa. In bai shiga ba, ka ce, "Innata ta yi mini rantsuwa kada in rataya komai a hannun keke." Ka ɗora mini laifin, ni na iya ɗauka. In kuma ka kasa, kunya ta ci ka, to ka karɓa ka tura keken da ƙafa har ka sha kwana, ka ba wa na farkon da ka gani sadaka. Amma kada ka hau da shi yana reto, ko daga nan zuwa can.

Daddawar Goggo ka mayar mata yau, kada ka bari sai gobe gaban mutane. Za ta yi faɗa, za ta ce 'ya'yan zamani. Ka ce mata in ji ni, ta tuna Sallar gidan mai ɗori. Ita ta riƙe masa kai ana jan hannun, ba za ta ƙara magana ba. Butar ka ɗaure ta baya. Takalmin ya shiga jaka ko ya zauna. Abin da na yarda ya zauna saman gaba, 'yar ƙaramar jakar nan da ke manne ba ta motsi: waya, dabino, katin shaidarka. Shi ke nan. Ka riƙa ganin tayarka ta gaba da idonka kana tafiya.

In za ka tsaya salla ko cin abinci, kada ka yarda da jekin keken. Keke mai kaya a gaba yana juya kai ya kwanta da kansa. Ka jingina shi da bango ko bishiya, ka ɗaure birkin gaba da 'yar roba.

Na tashi yanzu na je na ɗaga galan ɗin zumar nan da hannu ɗaya. Auta, nauyi gare shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa da man shanun, har gwangwanin ma irin wancan ne. Kai ka gama ɗaurinka, ka ce an shirya, ni kuma ga ni da saƙo a ƙurarren lokaci ina cewa za mu ga inda za ka sa. Kuma na san ka. Na Goggo za ka iya mayarwa, nawa ba za ka iya ba. Ko a wuya ne sai ka rataya shi.

Yayarka ce ke raina. Haihuwar nan ban samu zuwa ba saboda ƙafata, ina so ta ɗanɗana abin hannuna tun tana cikin jego. To amma ita ma ƙaninta take son gani da hannuwansa biyu.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, dama da hagu. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda rana ta faɗi maka, ya kau da idon mugu daga kanka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka tsaya tun da sauran haske, ka riƙa kira ko da gaisuwa ce kawai. Babanku ya leƙo yanzu ya ce in gaya maka iskar tayar gaba kada ta yi yawa, kada ta yi kaɗan. Ka ga ashe yana ta tunani. Na yafe maka duniya da lahira, ka je ka dawo lafiya.

Ana buga ƙofa. Malam Idi ne, na ji ƙarar motarsa. Zuma da man shanu da kanwa suna nan, in an samu mai zuwa Jos a mota sai a kai mata. Abin da zan ba shi ya kawo maka robar tif ce da na yanka ɗazu, ka sa ta a aljihu, ba ta da nauyi. Yajin ma... a'a, shi ma ya zauna. Ka sake ɗauri ka turo mini hoto in gani kafin ka

Ina zuwa, Malam Idi, ina zuwa